Akawun Fansho: Sana'ar Sanin Inda Kuɗin Tsofaffi Suka Kwana

A ranar 1 ga Yuli 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar dokar fansho ta ƙasa. Majalisar Wakilan da ta amince da dokar kuwa, ɗan Tambuwal ne shugabanta a lokacin, wato Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal daga 2003 zuwa 2015. Sai dai in ka je sakatariyar ƙaramar hukuma a ɗayan garuruwan nan biyu ranar da ake tantance 'yan fansho, ka ga tsofaffin da suka yi sammako daga Kuchi da Margai da Ungushi, ko daga Jabo da Sanyinna da Dogon Daji, kowa da ledar takardunsa a hammata, mafi yawansu dokar ba ta san da zamansu ba. Su 'yan tsohon tsari ne. Malamar da ta yi ritaya daga Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Tambuwal, da ɗan sandan da ya ajiye kaki ya dawo gida, su ne 'yan sabon tsari. A cikin 'yan sabon tsarin ma akwai waɗanda kuɗinsu suka bar hannun kamfanin fansho suka koma hannun kamfanin inshora. Dukansu a kasuwa ɗaya suke cefane, dukansu 'yan fansho ake ce musu, amma inda kuɗin kowa yake kwana daban.

Mutumin da aikinsa shi ne ya san wannan bambanci, ya rubuta shi a takarda duk shekara, ya aika wa na sama, shi ne akawun fansho. A ƙaramar hukuma yana ƙarƙashin sashen ma'aikata ko na ma'aji. A makarantar tarayya ko asibiti ana ce masa mai teburin fansho. A ƙaramin kamfanin ɗan kwangila, akantan da ke biyan albashi ne ake ɗora wa wannan kaya ba tare da ƙarin ko sisi ba. Tsofaffi dai ba ruwansu da muƙami, Malam Akawu suke ce masa, in sun girme shi sosai su ce ɗana.

Ba a zuwa makaranta musamman don a koyi wannan sana'a. Wasu sun yi difloma a fannin akanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato, wasu sun yi digiri a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, amma ainihin karatun a ɗakin rajista ake yin sa, a gindin wani tsohon akawu mai ƙarancin magana. Yaro zai fara da ɗauko fayil da mayar da shi. Daga nan ya koyi jera takardun cikinsa yadda suka kamata: takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa a aiki, takardun ƙarin girma ɗaya bayan ɗaya, takardar albashin ƙarshe, sai sanarwar ritaya. Kayan aikin ba su da yawa, hatimi ne da kalkuleta da babban littafin rajista, sai kwamfuta in akwai wuta. Abokan gabar ma sanannu ne: gara, da yoyon rufi da damina, da ƙurar hunturu, da kuma ɗan'uwan aiki da ya ari fayil bai sa hannu ba.

Lissafin tsohon tsari ba shi da wuya, duk akawun da ya amsa sunansa ya haddace shi. Ma'aikaci yana barin aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, ban da malaman makaranta da dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga nasu zuwa 65 da 40. A jadawalin da gwamnatin tarayya ta yi aiki da shi, jihohi suka bi sahu, wanda ya yi shekara 10 yana samun fansho na kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe, da giratuti na albashin shekara guda cif. Kowace shekara da ta ƙaru tana ƙara kashi 2 a fansho da kashi 8 a giratuti, har a kai shekara 35, inda fansho ke tsayawa a kashi 80, giratuti a kashi 300. A ɗauka, don misali kawai, mutum ya yi shekara 30, albashinsa na shekarar ƙarshe naira 600,000. Fanshonsa kashi 70 ne, wato naira 35,000 a wata, giratutinsa kashi 260, wato naira 1,560,000. Minti biyar ya isa a gama wannan.

Abin da ke cin watanni shi ne tabbatar da shekarun. Mutumin da aka haifa a ƙauye a shekarun 1950 ba shi da takardar haihuwa, sai ta rantsuwa a kotu, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da biyu a fayil ɗaya, kowace da ranarta. Yanzu ga lambar BVN ta banki da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, su ma kowace da ranar da aka faɗa wa mai cike fom. Sai kuma tafiyar da fayil ɗin kansa ya yi. Wanda En'e ta Sakkwato ta ɗauka aiki ya ga Jihar Arewa maso Yamma, ya ga an raba ta a 1976, a shekarar da aka sake fasalin ƙananan hukumomi aka kuma buɗe shirin ilimin firamare kyauta da ya kwaso dubban matasa zuwa aikin koyarwa. Ya ga an cire Kebbi a 1991, an cire Zamfara a 1996. Tambuwal da Kebbe suna kan iyaka ne, Jega na nan kusa, Gummi na nan kusa, don haka malamin da ya fara koyarwa a wani gari da yanzu yake wata jiha ba baƙon abu ba ne. Rabin tarihin aikinsa na iya kasancewa a wata ma'ajiya a Birnin Kebbi ko Gusau. Akawu nagari ya san wanda zai kira a can.

A ƙarshen shekara sai rahoto. Mutum nawa ke cikin rajista a farkon shekara, nawa suka shigo, nawa Allah ya yi wa rasuwa, nawa aka biya, nawa ne bashin giratuti da ariyas. Takardar ta tafi hukumar fanshon ƙananan hukumomi a Sakkwato, masu binciken kuɗi su bi bayanta. Abin lura a wannan rahoto shi ne layin da babu shi. Babu wurin da za a rubuta cewa ga kuɗin da aka ajiye domin waɗannan mutane, ga kuma wanda ke riƙe da su, domin ba a ajiye komai ba. Fanshon tsohon tsari alkawari ne da ake cikawa daga kason wata-wata, in kason ya zo da ƙarfi a biya, in ya zo da rauni a jira. Sashe na 210 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a riƙa duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, amma bai ce a buɗe asusu ba. Shi ya sa in tsoho ya dafa teburi ya ce, “Ɗana, mi ya hana a ba mu kuɗɗinmu?” akawu ba shi da abin nunawa sai jerin sunaye da lambar layi. “Baba, sunanka ya hau, haƙuri za a ƙara.” Gwamnatin Ahmad Aliyu, wadda ta hau a 2023, ta riƙa ware kuɗi wata-wata don rage bashin giratuti da ta tarar, wannan kuwa shi kansa shaida ne cewa bashi ne, ba ajiya ba.

Wani zai ce ai da an ajiye kuɗin a hannun wani kamfani da an huta. An taɓa gwadawa. Kafin 2004 hukumomin gwamnatin tarayya da dama suna da kwamitocin amintattu da ke miƙa kuɗin fanshon ma'aikata ga kamfanonin inshora su juya su. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa, hukuma ta biya zubin bana ta tsallake na baɗi, kamfanin inshora ya zuba abin da ya karɓa a gine-gine da hannun jari, kuma ba wanda ya tilasta wa ɓangarorin biyu su zauna duk shekara su haɗa littattafansu. Da aka kafa hukumar PTAD a 2013 don ta riƙe 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, ɗaya daga cikin manyan ayyukanta shi ne bin waɗannan kamfanoni bashi. Wasu sun biya da tsabar kuɗi, wasu da gidaje da filaye, wasu sai da aka kai ga kotu. Tsofaffin ma'aikatan NITEL da na kamfanin jaridar New Nigerian sun yi shekaru suna jiran haƙƙinsu, har ma da tsofaffin ma'aikatan kamfanin inshora na NICON, waɗanda da ma sana'arsu ke nan. A ganina wannan ya fi satar da ake yawan ambatawa koyar da darasi. Labarin Abdulrasheed Maina, wanda kotu ta ɗaure shekara takwas a 2021, kowa ya ji shi, domin ɓarawo yana da suna da fuska. Kuɗin da suka narke saboda ba a rubuta su daidai ba shekara bayan shekara, ba su da wanda za a nuna a talabijin.

Dokar 2004 da Shugaba Obasanjo ya sa wa hannu, wadda ta 2014 ta maye gurbinta, an gina ta ne a kan tsoron maimaita wannan. Kowane ma'aikaci yana da asusu da sunansa da lambarsa. Da farko shi da mai ɗaukarsa aiki kowa na zuba kashi bakwai da rabi, daga 2014 ya koma kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki. Dabarar da ta fi kowace a dokar ita ce raba hannu: kamfanin fansho yana yanke shawarar inda za a zuba kuɗi amma ba ya taɓa su, wani kamfani daban, ma'aji, shi ke riƙe da su amma ba ya yanke shawara, hukumar PenCom tana bisa kansu duka. Zuwa ƙarshen 2024 abin da ya taru ya haura naira tiriliyan 22.

Aikin akawu a nan ya sauya kama. Mai kamfani dole ya tura zubi cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, in ya makara akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata. Tura kuɗi kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da jadawalin sunaye da lambobi. Lamba ɗaya ta karkace, kuɗin za su isa wurin ma'aji su zauna ba mai su, ma'aikaci kuma yana ganin ana cire masa a takardar albashi yana tsammanin komai lafiya. Ma'aikatan tarayya daga Abuja ake cire nasu, don haka mai teburin fansho a makaranta irin ta Tambuwal babban aikinsa shi ne shirya waɗanda za su yi ritaya baɗi su shiga tantancewar da PenCom ke yi duk shekara, musamman waɗanda suka fara aiki kafin tsakiyar 2004, domin haƙƙin shekarunsu na baya bashi ne a kan gwamnatin tarayya, sai ta zuba shi a asusunsu kafin su fara karɓa. Wannan bashi na cikin abin da ya sa a 2025 gwamnati ta amince da cin bashin naira biliyan 758 don ta sauke nauyin fansho da ya taru.

Duk da haka, muddin mutum yana aiki, tambayar ina kuɗina suke tana da amsa. Ga takardar bayanin asusu da ke zuwa duk wata uku, ga saƙon waya. Ranar ritaya ce amsar ke rabuwa biyu.

Bayan an ba shi wani kaso a dunƙule, mai ritaya zai zaɓi ɗayan hanya biyu. Ko ya bar ragowar a asusunsa kamfanin fansho ya riƙa yanko masa wata-wata, ko a kwashe ragowar gaba ɗaya a miƙa wa kamfanin inshorar rai, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyansa wani adadi kowane wata har ranar da ya bar duniya. Wannan na biyu shi ake kira anuwiti. Mutumin Kebbe ba ya buƙatar dogon bayani in aka ce masa: na farko saniyarka ce ka ba Bafulatani kiwo, tana nan da sunanka, in ka mutu magada su karɓa, amma tana iya ramewa ko ta ƙare. Na biyu sayar da saniyar ka yi, a kan za a riƙa kawo maka ƙwaryar nono kowace safiya muddin kana raye. Ƙa'idar ta ce an lamunce shekara 10. Wanda ya rasu kafin cikarsu, magada za su karɓi na ragowar lokacin. Wanda ya rasu bayansu, ba abin da ya rage na gado. Kuma ƙofar hanya ɗaya ce: ana iya barin kamfanin fansho a koma anuwiti, ba a iya dawowa, sai dai bayan shekara biyu a sauya wani kamfanin inshorar da wani.

Ba na cikin masu cewa anuwiti yaudara ce. Wanda Allah ya ja kwanansa zuwa shekara 90 zai ci fiye da abin da ya bayar, alhali mai asusu na iya wayar gari asusun ya yi ƙasa, ga shi mafi ƙarancin fanshon da doka ta yi alkawari an daɗe ana jiran ganinsa. Amma adadin anuwiti yawanci a tsaye yake, kuma a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Abin da ya sayi buhun gero a shekarar ritaya, bayan shekara biyar sai a koma auna tiya. Ga kuma maganar gado, wadda a ƙasar Shehu ba ƙaramar magana ba ce. Dattijo mai mata biyu da 'ya'ya goma sha, in ya fahimci cewa bayan shekara 10 babu abin da alƙali zai raba, zai sake tunani. Matsalar ita ce wa zai fahimtar da shi. Wakilin inshora da ke zuwa ƙofar gida da fara'a yana da la'ada a kan kowane mutum da ya kawo. Ma'aikacin kamfanin fansho da ke cewa kada ka tafi, kamfaninsa na cin lada ne gwargwadon kuɗin da suka rage a hannunsa. Mutum ɗaya da ba shi da ko kwabo a zaɓin shi ne akawu, shi ya sa ake sallama a gidansa bayan magariba. “Malam, kai ka san takarda. In kai ne, wane za ka ɗauka?” Akawu mai hankali ba ya zaɓar wa mutum. Yana tambayarsa lafiyarsa, da shekarun ƙaramin ɗansa, da ko yana da gona.

Daga ranar da aka miƙa kuɗin ga kamfanin inshora, sun fita daga littafin kamfanin fansho. Takardar wata uku ta daina zuwa, domin asusun ya zama wayam. Abin da tsoho ke riƙe da shi takardar yarjejeniya ce mai lamba. Kuɗin sun shiga littafin kamfanin inshora, kuma hukumar da ke duba wannan littafi ba PenCom ba ce, NAICOM ce, wadda aka kafa a 1997. A can ma akwai masu irin wannan sana'a, a Legas galibi: akantoci da masana ƙididdigar tsawon rai, waɗanda duk shekara ke auna ko dukiyar da kamfani ya ware za ta iya ɗaukar alkawuran da ya yi wa dubban mutanen da bai san ranar mutuwarsu ba. A ƙarshen 2016 hukumomin biyu sun yi ja-in-ja a kan wa zai riƙe waɗannan kuɗi. PenCom ta dage cewa kuɗin fansho kuɗin fansho ne ko da sun sauya riga, dole su zauna a hannun ma'aji, ba a aljihun kamfanin inshora ba, har aka dakatar da sababbin yarjejeniyoyi na wani lokaci. A 2017 aka daidaita a kan cewa kuɗin anuwiti za su zauna wurin ma'aji, a ware su daga sauran dukiyar kamfani.

PenCom ta yi gaskiya, abin da ya biyo baya ya nuna. A 2022 NAICOM ta soke lasisin kamfanonin Niger Insurance da Standard Alliance. A Oktoban 2024 ta rushe hukumar gudanarwar African Alliance, ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin inshorar rai a ƙasar, bayan masu anuwiti sun yi watanni ba su ga alat ba. Alamun rauni irin wannan suna bayyana a rahoton shekara tun kafin biya ya tsaya. Amma wane ne a Sanyinna ke karanta rahoton shekara na kamfanin inshora?

A Amurka wannan layi da muke nema ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma su ma wuya ce ta koya musu. A 1963 kamfanin motoci na Studebaker ya rufe masana'antarsa a jihar Indiyana, dubban ma'aikata suka tarar asusun fanshonsu bai kai abin da aka yi musu alkawari ba. Bayan shekaru ana muhawara, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar ERISA a 1974. Daga nan aka wajabta wa shirye-shiryen fansho na kamfanoni su cike fom mai lamba 5500 duk shekara, kafin ƙarshen wata na bakwai bayan rufe shekarar lissafi. In wani ɓangare na kuɗin yana hannun kamfanin inshora, sai an haɗa da wani shafi da ake kira Jadawalin A. A ciki za a rubuta sunan kamfanin, da lambar yarjejeniya, da yawan mutanen da ta shafa, da ƙimar kuɗin a ranar ƙarshe ta shekara, a kuma bambanta waɗanda suka gauraya da babbar dukiyar kamfanin da waɗanda aka ware a asusu na dabam. Kamfanin inshora yana da kwana 120 ya ba da waɗannan alƙaluma, in ya ƙi, akwai wurin da mai cike fom zai rubuta cewa ya ƙi. Layin da ya fi burge ni shi ne na la'ada: sunan kowane dillali da abin da aka biya shi. Kuma kowa na iya duba fom ɗin a intanet.

Su ma ba su tsira daga ramin da muke magana a kai ba. In aka saya wa mutum anuwiti da sunansa, kamfanin inshora ya ɗauki nauyinsa gaba ɗaya, kuɗin sun fita daga lissafin shirin fansho, kamar dai namu. Da kamfanin Executive Life ya durƙushe a Kalifoniya a 1991, tsofaffin ma'aikata da yawa da aka mayar da fanshonsu can sun ga an zaftare abin da ake biyansu. Abin da zan so mu ara daga wurinsu ba fom ɗin ba ne, muna da fom da ya ishe mu. Layin la'ada ne. Da doka ta ce kafin dattijo ya dangwala yatsa sai an nuna masa a rubuce, da Hausa, nawa wakili zai samu a kansa, da rabin gardamar da ake yi a zaure ta ƙare.

Akwai wuri ɗaya da rahoton shekara da inshora suka haɗu a teburin akawun ƙauye kai tsaye, wato inshorar rai ta ma'aikata. Dokar 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, in ya rasu a bakin aiki a ba iyalinsa. Ana sabunta ta duk shekara, kuma ƙa'idar inshora ita ce in ba a biya kuɗin zubi ba, babu lamuni. Ɗan kwangilar Tambuwal da ke neman aikin gwamnatin tarayya, ginin aji ne ko rijiyar burtsatse ta aikin mazaɓa, sai ya nuna takardar shaidar PenCom ta wannan shekarar, ita kuma ba ta fita sai da shaidar zubin ma'aikata da takardar inshorar. Nan ne sana'ar ke da masu ɓata ta. Akwai masu haɗa takardu da ke cike sunayen direba da ƙane da maigadi, a biya na 'yan watanni, takarda ta fito, kwangila ta samu, a manta da zancen sai baɗi. Ranar da lebura ya faɗo daga kan gini ake gane sunansa bai taɓa shiga jadawali ba.

Tambayar halacci ma teburin akawu take fara sauka kafin ta kai ga malamai. Mafi yawan kuɗin fansho a takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa ake zuba su, mutane kuma sun sani. Tun 2021 PenCom ta buɗe asusu na shida, wanda ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, yana zuba kuɗi a sukuk da makamantansu, kuma ma'aikaci ne zai nema da kansa a mayar da shi can. A ɓangaren inshora NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka biyo baya. Akawu ba ya ba da fatawa, amma ya kamata ya san fom ɗin da ake cikewa.

Aiki mafi nauyi yana zuwa ne bayan sadakar uku. Babban ɗa zai zo da leda, wani lokaci da matar mamacin tana jira a waje cikin takaba ko bayan ta fita. Abu na farko da akawu zai warware shi ne cewa sunan da marigayi ya rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magaji shi kaɗai ba, rabon gado na kotun shari'a ne, kuma kamfani zai nemi takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci kafin ya saki ko kwabo. Abu na biyu shi ne gano wane irin ɗan fansho ne marigayin. In na asusu ne, takardar wata uku za ta nuna abin da ya rage. In na anuwiti ne, sau da yawa iyali ba su ma san sunan kamfanin ba, abin da suka sani alat na shigowa ƙarshen wata.

Saboda haka wasu akawuna ke riƙe da wani littafi nasu na kansu, wanda ba doka ta ce su riƙe ba, ba kuma mai binciken da zai tambaya. Duk wanda ya bar ofishinsu ya koma hannun inshora, suna rubuta sunan kamfanin, da lambar yarjejeniya, da watan da aka fara biya, da watan da shekara 10 za ta cika. Shekara 10 wata 120 ce. Wanda ya rasu a wata na 100, magadansa na bin wata 20, za a ba su a dunƙule bisa ƙimarsu ta ranar biya. Kamfani ba zai san an yi rasuwa a Ungushi ba sai an rubuta masa, ko sai lokacin da ya nemi shaidar cewa mutum na raye ya ji shiru. In kuma rasuwar ta zo bayan wata na 120, iyali suka yi gum suna cirar kuɗi da katin marigayi, abin da suka cira bashi ne da za a biyo su da shi, kuma akawun ne zai zauna da babban ɗa ya lissafa masa wata nawa za a mayar.